Kwanakin farko na barin sigari: tambayoyin da aka fi yi mini

Ni tela ne a Garwa, a arewacin Kamaru. Na sha sigari shekara 19, daga kara biyu a ɓoye har na kai kwali guda a wuni, fiye da haka ma in Salla ta matso ana kwana a kan keke. Yau shekara 7 ke nan rabona da ita. Tun da labari ya bazu a layinmu cewa tela ya bari, da wuya sati ya wuce wani bai zauna a bencin shagona ya kawo zancen ba, yawanci a kaikaice, wai wani ƙanensa ne ke son bari. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Ni ba likita ba ne. Abin da ya shafi lafiya daga ma'aikatan asibiti da bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya na samo shi, sauran kuwa a jikina na gani.

Yaushe wahalar take farawa, kuma kwana nawa take yi?

Da wuri take farawa. Abin da ke ɗaure mutum a cikin taba shi ne sinadarin nikotin, wanda daga zuƙa zuwa ƙwaƙwalwa bai fi daƙiƙa 10 zuwa 20 ba. Sai dai ba ya daɗewa a jini, cikin kamar awa 2 rabinsa ya tafi. Shi ya sa mashayi ke laluben kwali tun bai wanke ido ba, don dare ya kwashe abin da ya zuba jiya. Ka yi 'yan awoyi ba ka sha ba, jiki zai fara kira.

Rana ta 2 da ta 3 su ne masu nauyi. Daga nan abin yake sauka, yau da sauƙi, gobe ya ɗan murɗa, har zuwa sati 2 ko 4, lokacin da yawancin alamun jiki ke lafawa. Ni rana ta uku ce ba na mantawa. Na ɗinka hannun wata riga a baibai, na farke, na sake ɗinka shi a baibai. Yaron shagona ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Maigida, ko in karɓa?" Ban ce masa komai ba, na tashi na ba shi keken.

Me zan ji a jikina?

Saurin fushi, rashin natsuwa, ciwon kai, barci ya gagara da dare kuma ya danne ka da rana, yunwa, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Wasu bayan gida ke yi musu wuya na 'yan kwanaki, wasu ƙuraje ke fitowa a bakinsu. Ba kowa ke haɗa su duka ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ke kisa, ko da yake a rana ta uku ba za ka yarda da wannan maganar ba. Zancen tari da na yunwa suna da tambayoyinsu a ƙasa.

In ƙishin taba ya taso, me zan yi a wannan lokacin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran amfani. Ƙishin ruwa ƙaruwa yake yi har sai ka sha, na taba kuwa kamar guguwar bazara yake, ya turnuƙe, ya wuce. Minti 3 zuwa 5, da wuya ya kai 10, ko ka sha ko ba ka sha ba. Shekara 19 ina shan taba ban san haka ba, saboda da wuya nake barinsa ya yi minti ɗaya ba tare da na kunna masa ashana ba. Ranar da na fara duba agogon waya ina ƙirgawa, sai na ga ashe ba wuni guda nake yaƙa ba, 'yan mintoci ne, sau da yawa a wuni.

Abin yi shi ne ka cika mintocin nan da wani abu. Tashi daga inda ya same ka. Sha ruwan randa a hankali. Yi alwala, ko da kana da ita. Zaga bayan layi ka dawo. Ni asuwaki na saka a aljihun da kwali ke zama, don hannu da kansa yake zuwa can ba tare da ya yi shawara da kai ba, gara ya tarar da wani abu. A satin farko na tauna asuwaki har dasashina ya yi ciwo.

Ka kuma lura cewa ƙishin yana da lokutansa, ba haka kawai yake faɗowa ba: bayan cin abinci, da kofin shayi na farko, a bayi da safe, lokacin jiran fasinja in kai ɗan kilando ne, wato ɗan acaɓa, ko in ƙungiyar ƙwallon garinmu Coton Sport ta ɓarar da fanareti. Sabo turken wawa. Tun kafin ranar bari ka zauna ka lissafa naka lokutan, ka tanadar wa kowanne abin da zai maye gurbin karan, don ba a fafe gora ranar tafiya.

In bari gaba ɗaya, ko in riƙa ragewa?

Ra'ayina, ka sa rana ka yanke. Na gwada ragewa ya fi a ƙirga: daga 20 zuwa 10, zuwa 5, sai wani ya kawo ɗinkin gaggawa ko a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, in koma 20. Mai ragewa wuni yake yi yana jiran kara na gaba, kuma in ya samu sai ya zuƙe shi har ƙurya. In ragewar ce ta fi maka, to a yi ta da ranar ƙarshe a gaba, sati biyu ko uku, ba "sai Allah ya yi" ba. Kuma kada a tsaya a kara ɗaya a wuni ana ganin an tsira. Ta fuskar ciwon zuciya, mai shan kara ɗaya kullum yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin mai shan 20.

Azumi ba shi ne lokacin da ya fi dacewa ba?

Ga mutane da yawa, shi ne. Kana wuni tun asuba har magariba babu hayaki, ka riga ka nuna wa kanka kana iyawa, kuma babu mai kunna ta a gabanka da rana. Tarkon yana wurin shan ruwa. Na san masu buɗa baki da dabino ɗaya su zarce bayan gida su jera kara uku, har jiri ya kwashe su. Wanda zai bari a azumi sai ya toshe wannan gurbin: daga buɗa baki zuwa masallaci, daga masallaci zuwa abinci cikin iyali, daga nan zuwa tarawi. Tarko na biyu ranar Salla ce, da jiki ke ganin an sallame shi.

Amma ka duba sana'arka. Mu teloli goman ƙarshe kwana muke a shago, ga shayi, ga masu kaya sun tsaya a kanka. Sau biyu ina bari a farkon azumi ina komawa a daren 25. Wanda ya ɗore mini bayan Babbar Salla na yi shi, lokacin da kasuwar ɗinki ta mutu, babu mai matsa mini.

Me ya sa shayi ya fara hana ni barci, alhali da ba ya yi?

Wannan kusan babu mai faɗa wa mutum, kuma a garin da ake dafa shayi sau uku a zama ɗaya ya kamata a sani. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin kafin, wanda ke cikin shayi da kofi da goro. Da ka bar taba sai hanta ta koma tafiyarta ta asali, kofi uku da ka saba su yi maka aikin biyar ko shida. Sai bugun zuciya, rawar hannu, ido biyu har kiran assalatu, kai kuma ka ɗora wa barin taba laifi. Rage shayin zuwa rabi, ka daina shan mai kauri bayan la'asar. Goro ma haka. Da yawa suna komawa gare shi don baki ya samu aiki, ba laifi da hantsi, amma ban da dare.

Wannan sauyin na hanta yana taɓa wasu magungunan asibiti. In kana kan magani na dindindin, musamman na taɓin hankali ko na fuka ko allurar ciwon suga, ka gaya wa likitanka ka bar taba, wataƙila ya gyara maka awo.

Yaya zan yi da majalisa? Duk abokaina suna sha.

Ka ɗan janye sati biyu ko uku. Ba gaba ba ce, kuma na kirki a cikinsu za su gane. In ka dawo za ka ji magana: "An zama ustazu ke nan?" ko "Mutumina, kara ɗaya ba ta kisa." Kada ka ce kana ƙoƙarin bari, don mai ƙoƙari ana iya taimaka masa ya huta. Ce "ba na sha", ka ci gaba da hirar da ake yi. Da an miƙo sau uku ka ƙi, za a gaji.

Mai tebur ya fi majalisa haɗari. A nan ba sai ka sayi kwali ba, da 'yan canjin aljihu za a zaro maka kara ɗaya, har da ashana kyauta. Chadi ta sa hotunan gargaɗi a kwalin sigari tun 2015, Kamaru ta bi a 2019, hoton ya cinye kashi 70 cikin 100 na fuskar kwalin, amma mai sayen kara-kara ba ya ma riƙe kwalin balle ya gani. Ni na je wajen mai teburin bakin layinmu na biya bashin da yake bi na, na ce kada ya ƙara sayar mini. Ya ce, "Ko ka roƙe ni?" Na ce, "Ko na roƙe ka." A rana ta biyar na roƙe shi. Ya miƙo mini alewa ya juya yana gyara rediyonsa.

Ina ta faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Haka zan zauna?

A'a, yana wucewa, yawanci cikin wata guda. Amma ka gaya musu tun kafin ka fara. Ni ban faɗa ba, don kada in kasa a yi mini dariya, sai ga ni ina daka wa yara tsawa a kan murfin buta. Maiɗakina ta yi shiru kwana biyu, a na uku ta ajiye mini kunu ta ce, "Maigida, in tabar ce ka bari, mun gani, Allah ya ƙara ƙarfi. Amma yaran nan ba su suka koya maka ita ba." Daga ranar, in na ji abin yana tasowa sai in fice ƙofar gida.

Mashayi yana ɗauka taba ce ke kwantar masa da hankali. Gaskiyar ita ce tana kashe wutar da rashinta ya kunna ne, shi ya sa bayan 'yan makonni yawancin waɗanda suka bari suke samun kansu da natsuwa fiye da da. Sai dai in baƙin ciki mai nauyi ya zauna maka ya wuce sati biyu, ko ka fara jin rayuwar ta ishe ka, wannan ba na haƙuri ba ne, na asibiti ne.

Na bar taba, tari kuma ya ƙaru. Ba alamar ta fi mini ba ke nan?

A hanyoyin iskar huhu akwai wasu 'yan gashi ƙanana ƙwarai da ke share majina da ƙura zuwa sama. Hayaƙi yana kashe musu jiki. Da ka bari sai su farfaɗo su kama shara, kai kuma ka yi ta kaki. Yana ɗaukar makonni, kuma in ya haɗu da ƙurar hunturu ya fi damu. Tsakanin wata 1 zuwa 9 tari da haki suke raguwa.

Kada dai a fake da wannan. Tarin da ya wuce sati biyu tare da zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, ko jini a kaki, a je a gwada majina. Masu shan taba sun fi saurin kamuwa da tarin fuka, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ciwon ƙirji mai matsewa kuwa ba a kwana da shi a gida.

Gaskiya ne ana ƙiba?

Ana yi. Nikotin yana danne yunwa, kuma bayan kwana biyu da bari harshe da hanci suna buɗewa. Ni sai a lokacin na san miyar kuka tana da ƙamshi. Yawanci ana ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, mafi yawansa a watanni ukun farko. A sana'ata na ga haka da tef, na buɗa wandunana da kaina. Abin da ke kawo shi shi ne ciye-ciyen tsakanin abinci, fanke da lemon kwalba da shayi mai suga cokali huɗu. Aya, goruba, karas ko ɗan rake sun fi, da zoɓon da muke kira folere in ba a cika masa suga ba. Kada ka haɗa barin taba da rage cin abinci a wata guda, ɗaya bayan ɗaya.

Akwai magani? Tabar gari ko shisha fa, ba su fi sauƙi ba?

Akwai. Cingam mai nikotin da filastar da ake mannawa a fata suna ba jiki nikotin kaɗan ba tare da hayaƙi ba, ana rage su a hankali cikin wata biyu zuwa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su a jerin muhimman magunguna tun 2009, ta ƙara ƙwayoyin varenicline da bupropion a 2021, su kuma sai da takardar likita. Cingam ɗin ba kamar na yara ake taunarsa ba: ka tauna har ka ji yaji-yaji, ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi ka sake taunawa, kuma ban da shayi ko lemo minti 15 kafin nan. A tambaya a babban farmasi. Mai ciki da mai ciwon zuciya su fara ganin likita.

Tabar gari da ake cusawa a leɓe da kanwa, da ta hanci, da shisha, duk nikotin ɗin ne a wata riga. Ta leɓe tana kawo ciwon dajin baki, shisha kuma ga hayaƙin taba ga na gawayi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne samarin da ke barin sigari su kama tramol wai don ƙarfin aiki. An gudu daga ruwan sama an faɗa Binuwai.

Na yi sati uku, jiya na sha kara ɗaya. Shi ke nan na rushe?

Ba ka rushe ba, sai in ka sayi na biyu. Yawancin waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da yawa, ni a karo na biyar na dace. Abin da ke mayar da mutum ba karan ba ne, maganar da ke biyo bayansa ce: tunda na riga na ɓata, bari in ƙarasa kwalin, Litinin in sake. Litinin ɗin nan ta ci mini shekara biyu. Jefar da abin da ya rage yau, ka tambayi kanka a ina ne, da wa, ƙarfe nawa, sannan ka ƙara wannan a lissafin da na ambata a amsar ƙishin taba.

Ka kuma san cewa haɗarin yana sauya kama. A satin farko wahala ce ke kayar da mutum. A wata na uku kuwa jin daɗi ne, ka ga ka fi ƙarfinta, ka ce bari in taɓa ɗaya a bikin nan in gani. Karona na huɗu haka ya ƙare, a wajen wani ɗaurin aure a Marwa, bayan wata huɗu cur.

Na yi mafarki ina sha, na farka da faɗuwar gaba.

Da yawa daga cikin waɗanda suka bari sun san wannan mafarkin. Ba ya nufin komai. Har bara na yi shi.

Na haura 50. Akwai sauran amfani?

Akwai, kuma tun ranar farko. Cikin minti 20 bugun zuciya da hawan jini suna sauka. Cikin awa 12 gubar hayaƙi da ke hana jini ɗaukar iska ta koma daidai. Bayan shekara 1 ƙarin haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi, bayan 10 haɗarin dajin huhu ya koma kusan rabin na mai sha. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya bari yana da shekara 30 yana ƙwato kusan shekara 10 na tsawon rai, mai 40 ya ƙwato 9, mai 50 ya ƙwato 6, mai 60 ma 3. Rai a hannun Allah yake, amma hawa gadar Binuwai a ƙafa ba tare da tsayawa haki ba abu ne da za ka gani da idonka cikin 'yan watanni. Ga kuma jikokin da ke zama a cinyarka suna shaƙar abin da ka busa.

Ta aljihu kuwa, yi lissafin da kanka. A ce kara sefa 50 ne, kana shan 10 a wuni: jaka 15 a wata, wato sefa dubu 15, sama da jaka 180 a shekara. Ni asusun ƙasa na saya nake jefa kuɗin kwali kowane dare. Da na fasa shi na ƙara kaɗan na sayi injin surfani na hannu.

In ka waiwaya yanzu, me ka fi tunawa? Sha'awar tana tafiya gaba ɗaya?

Abin mamaki, wahalar ba ta zauna mini a rai ba. Na san na sha ta, amma sai na yi da gaske nake tuno yadda take, kamar zafin watan Afrilu in damina ta sauka. Sati uku ne, a lokacin na ga kamar shekara. Abin da ya zauna shi ne wata rana, wajen wata shida da bari, da na buɗe akwatin ƙarfe na ɗauko wata tsohuwar babbar rigata. Warin da ya buge ni sai da na ja baya. Na tambayi maiɗakina ko wani abu ya mutu a akwatin. Ta ce, "Warinka ne na da." Sai a ranar na gane dalilin turaren wutar da take kunnawa kullum kafin in shigo, da dalilin da wasu mata ke shanya ɗinkinsu a igiya kwana guda in sun karɓa daga shagona. Shekara 19 babu wanda ya gaya mini. Na kuma tuna wata shadda mai tsada da toka ta huda ana jibi Salla, na biya da kuɗina, na ce wa mai ita dutsen guga ne.

Sha'awar kuwa ba ta mutu murus ba, ta dai zama baƙuwa, sau ɗaya ko biyu a shekara. Ta ƙarshe a tashar mota ta same ni, da asubar hunturu, ina jiran motar Ngaundere. Wani direba ya ƙyasta ashana kusa da ni, zuƙar farkon nan ta biyo iska, na ji yawu ya taru a bakina. Hannuna ya tafi aljihu da kansa, ya tarar da asuwaki. Kafin yaran mota su gama ɗaure kaya abin ya wuce, aka kira lambar kujerata na shiga.